Gadar Cikin Kai ta Kawu Muntaka

Saura kwana tara Inna ta fita takaba Kawu Muntaka ya yanke shawarar gyara mata ƙwaƙwalwa. Ya faɗo gidanmu da hantsi, hannunsa duk sitaci, ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Junaidu, ɗauko min kujera. Na gano ciwon Yaya."

Kawu ƙanin Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wankin hula yake yi a wata rumfa a bakin layinmu na Tudun Wada, inda kawunan katako suke jere a rana, kowanne sanye da hular wani. Amma in ka tambaye shi sana'arsa, cewa zai yi harkar kai yake yi, shekara ashirin da biyu, kuma babu wani babban kai a Zariya da bai san faɗinsa ba.

Ciwon Inna kuwa shi ne shiru. Tun ranar da aka fita da Baba ba ta sake magana ba. Tana salla, leɓɓanta suna motsi. Tana girki. In an gaishe ta sai ta ɗaga kai, shi ke nan. Likita ta duba ta, ta ce babu abin da ya taɓu, baƙin ciki ne, a ba ta lokaci. Dangi kuwa ba su da lokacin. Sun gama magana cewa in ta fita takaba bakinta bai buɗe ba, za a kai ta ƙauye wajen yayanta a can bayan Soba a nema mata magani, a ja ƙofar ɗakinta a rufe. Ni ne auta. Yayyena mata duk suna gidajen mazajensu. In aka tafi da ita, ni da tukwane za a bari.

Asalin ilimin Kawu daga asibiti ya ɗebo shi. Lokacin da ɓarin jikin Baba ya shanye, magana ta ƙwace masa, sau ɗaya Kawu ya raka mu, shi ne mai riƙon filas. A ranar likitar ta zana mana abu a bayan wata takarda. Ni a aji biyar na sakandare na tsaya, amma abin da ta faɗa ya zauna min. Ta ce ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce kamar goro in ka ɓare shi, kuma akwai gada ta jijiyoyi a tsakani. A kan yawancin mutane ɓarin hagu ne yake tantance kalma, ya san wannan "ba" ce, waccan "ga" ce. Na dama kuma ya fi jin launin murya, ko fushi ne, ko lallashi, ko tambaya. Kowane kunne yana aika saƙo ɓangaren biyu, amma babbar hanyarsa a tsallake take, kunnen dama ya fi kai wa hagu, na hagu ya fi kai wa dama. Kalmar da ta shiga ta kunnen hagu takan bi gadar nan ta haye kafin a karanta ta, kafin ma ka ƙifta ido. Shi ya sa in aka faɗa wa mutum kalmomi biyu daban a lokaci guda, ɗaya a kowane kunne, yawanci ta dama zai ce ya ji.

Baba hagunsa ne ya taɓu. Kalmomi suka watse masa kamar tantabaru an jefa musu dutse. Amma in Inna ta sunkuya ta yi magana a kansa, sai fuskarsa ta kwanta. Bai san me ta ce ba, ya dai san yadda ta faɗe shi.

Kawu rabin bayanin ya ji, don sauran rabin yana kokawa da murfin filas. Kalma ɗaya ya taho da ita gida, ita ce gada.

"Gadar Yaya ce ta karye," in ji shi, bayan ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa. "Magana tana shiga, ta zo bakin gada, ta tarar babu hanya, sai ta nemi wuri ta zauna. Wata huɗu magana tana taruwa a kan Yaya kamar motoci a Kwangila ranar da tirela ta faɗi."

Na ce, "Kawu, ai likita ta ce babu abin da ya taɓu."

"Likitar nan shekararta nawa tana taɓa kai? Ina sanya hula a kan katako tun tana tallar gyaɗa. Kwana tara ya ishe ni. Kana ciki ko ba ka ciki?"

Na dubi Inna. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsintar wake, ko ɗago kai ba ta yi ba. Na ce ina ciki. Da mai sayar da gawayi ne ya zo min da shawara a ranar, da shi ma na ce ina ciki.

"Amma ba da Yaya za mu fara ba," in ji Kawu. "Ni ba na gwada sabon sabulu a kan hular manya."

Washegari da safe ya kira taro a teburin Nagoda mai shayi. Ya zo da ɗaya daga cikin kawunan katakonsa, ya sa kafinta ya raba masa shi biyu da zarto, ya ɗaure ɓangarorin da robar tayar keke. Ya dangwarar da shi tsakanin gwangwanin madara da burodi.

"Jama'a, wannan kanku ne."

"Naka dai," in ji Mahmudu mai keken haya, wanda yake zaune yana jiran ƙwansa. "Har kamannin sun fito."

Kawu bai kula shi ba. Ya ɗaga ɓari ɗaya. "Nan ne hagu. Duk maganar da kuka taɓa ji a duniya, a nan ake karanta ta."

Nagoda ya tsaya da zuba shayi, buta a sama. "A ina?"

"Hagu."

"Hagu hagu? Wadda ba a karɓar abu da ita?"

"Ita."

"A'uzubillahi. Wato izu goman da na haddace a hagu suke zaune? Muntaka, ka ji tsoron Allah da safen nan."

"Kwantar da hankalinka, ta kunnen dama suka shiga."

"To me ya kai su hagu?"

"Hanya ce ta bi da su."

"Wa ya yi hanyar?"

"Wanda ya yi ka."

Nagoda ya sauke buta, amma na ga yana shafa gefen kansa na hagu kamar mai ba shi haƙuri.

Daga nan Kawu ya ce zai nuna musu yadda lafiyayyar gada take. Ya ce tasa ta kai faɗin titin Kaduna, mota biyu suna wucewa ba sa gogar juna. Ya sa ni a kunnensa na hagu, Mahmudu a na dama, kowa ya faɗi abin da zai ci a lokaci guda, shi kuma ya maimaita wa Nagoda ba tare da ya zubar da harafi ɗaya ba. In ya yi kuskure, shi zai cinye abin da bakinsa ya faɗa.

Nagoda ya ƙirga uku. Mahmudu ya ce shayi ba madara da ƙwai biyu. Ni na ce taliya da yaji mai yawa.

Kawu ya rufe ido, ya ɗaga yatsa. "Shayi da ƙwai biyu," ya ce, sannan ya ɗan yi jim, ana ganin saƙona yana ta fama a kan gada. "Da yaji mai yawa."

"A ina za a sa yajin?" in ji Nagoda.

"A shayin mana."

Ban taɓa ganin Nagoda ya yi aiki da sauri irin na ranar ba. Cokali uku ya zuba, ya gauraya, ya miƙa da hannu biyu. Mutum bakwai suka tashi tsaye don su gani da kyau. Kawu ya kafa kai ya sha. Idonsa ya kawo ruwa, hancinsa ya biyo baya, har kunnuwan da ake magana a kansu suka yi ja. Da ya samu numfashi sai ya nuna Mahmudu.

"Laifin wannan ne. Muryarsa ta tare hanya. Duk mai magana da ƙarfi haka, tasa gadar ce ta rube, shi ya sa yake ihu don ya ji kansa."

Mahmudu mutum ne mai tsoron ciwo. In ka ce masa idonsa ya yi ja, sai ya ajiye keke ya tafi kemis. Ya matso ya ce, "Kawu, rubewar tana kisa?"

"In an bar ta."

"Maganin fa?"

Maganin yana aljihun Kawu, audugar katifa ce. Ya ce za a toshe kunnen dama kwana uku, domin duk magana ta koma bi ta hagu, ta riƙa hawa gada tana sauka har gadar ta yi ƙwari, kamar yadda ɗaukar ƙarfe yake gina damtse. Ya tsaya a gaban Mahmudu ya cusa audugar da ƙarfi.

"Kawu, wannan ai haguna ne."

"Damata ce."

"Damarka ce, amma haguna ne."

Kawu ya dubi hannunsa, ya dubi kunnen, ya juya baya ya sake juyowa. Lissafin tsallake ya haɗu da lissafin fuskantar juna, suka cakuɗe masa. Sai ya ciro wata audugar ya cusa a ɗaya kunnen.

"Don kore shakka," in ji shi.

"Me ka ce?" in ji Mahmudu.

"Ka ga har ya fara aiki," Kawu ya faɗa mana.

Ranar Mahmudu ya ɗauki fasinja da nuni da hannu har zuwa azahar, babu matsala. Sai Allah ya haɗa shi da Gwaggo Lauratu. Gwaggo yayar Baba ce, a Gyallesu take, kuma ita ce kan gaba a maganar kai Inna ƙauye. Ta tare shi da ƙullin daddawa za ta zo gidanmu. Ya san ta, ya san gidan, amma da ta nuna gaba da hannu sai ya ɗauka yau tafiyar mai nisa ce. Ya wuce bakin layinmu a guje. Gwaggo ta ce a tsaya. Ta ce a tsaya da ƙarfi. Ta kira sunansa, ta kira na ubansa, ta kira na kakansa wanda ta ce ta san shi yana sayar da rake. Mahmudu yana ta tuƙi yana murmushi, don daga baya ya ce min bai taɓa jin garin Zariya da daɗi irin na ranar ba. Sai a Kwangila ta samu ta kwaɗa masa ƙullin daddawar a ƙeya.

Da la'asar suka iso rumfar Kawu, Gwaggo a gaba, Mahmudu a baya yana warin miya, rabin layinmu a bayansu.

"Ina likitan?" in ji Gwaggo. "Ina wanda ya mayar da ɗan mutane kurma ya sake shi a titi?"

Kawu ya fito yana goge hannu. "Sannu da zuwa, Hajiya. Wannan ƙaramin abu ne. Zan yi muku sulhu yanzu, kuma ba irin na mai unguwa ba, da sai wannan ya gama wancan ya fara har rana ta faɗi. Ni a tare nake ji. Ke tsaya nan, kai tsaya nan."

Ya zauna a kan turmin da yake ajiye buroshi, babbar robar ruwan sitaci a bayansa. Gwaggo ta faɗo a kunnen hagu, Mahmudu a na dama. Suka fara tare. Gwaggo tana lissafa mutanen da suka gan ta tana ihu a keke kamar an sato ta, Mahmudu yana rantsuwa cewa hannunta Kwangila ya nuna. Kawu ya rufe ido yana gyaɗa kai.

"Na ji," ya ce. "Hajiya, ke ce ba ki da gaskiya. Hannunki Kwangila ya nuna."

"Me na ce maka ni?"

"Kin ce... kin yi maganar daddawa."

"Ban ambaci daddawa ba!"

"To warinta ne ya shigo."

Ni ne na yi kuskuren buɗe baki. Na ce, "Gwaggo, likita ta ce in magana biyu suka zo tare, ta kunnen dama ce take rinjaye."

Gwaggo ta kalle ni, ta kalli inda Mahmudu yake tsaye. "Au, wato wurin mai kyau aka ba shi?" Ta tattare zani ta zagayo dama. Mahmudu ya ƙi matsawa. Ta kama kan Kawu da hannu biyu ta juyo da kunnen wajenta. Mahmudu ya kama ya mayar. Ta juyo, ya mayar, kowa yana zuba hujjarsa a ramin kunne ɗaya, Kawu yana cewa, "A hankali, jama'a, kan aiki ne!" A juyi na biyar turmin ya gaji. Kawu ya tafi da baya, ƙafafu a sama, ya zauna daram cikin sitaci.

Yara da manya suka kwashe da dariya. Kafin a ciro shi, a kai shi gida, rana ta busar da shi. Tafiya yake kamar an ɗaura masa allo a wando.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta shiga gidanmu, ta gaida Inna, Inna ta ɗaga kai. Da za ta fita ta tsaya a zaure ta ce min, "Junaidu, ka daina biye wa mahaukaci. An riga an yi magana da mai mota. Ranar Alhamis, in an gama sadaka, da ita za mu wuce."

Da yamma na zauna kusa da Inna ina ba ta labarin shayi mai yaji da na sitaci. Har tafiyar Kawu na kwaikwaya mata. Ta dube ni, ta miƙo min kwanon tuwo. Ban gane ko ta kunnen da labarin ya shiga ba.

Kwana biyar Kawu bai buɗe rumfa sosai ba. Ya ce min toshe kunne aikin yara ne, yanzu na'ura zai haɗa. Ya sa na samo masa ƙananan lasifika biyu daga matattun rediyoyi, da waya mai tsawo, ya ari garmahon kiɗan keken Mahmudu da batirinsa. Mahmudu ya yarda ne bisa sharaɗin ba za a sake sa masa komai a jiki ba. Shirin shi ne a ɗaura lasifikokin a jikin hula, ɗaya a kowane kunne. Wayar salular Kawu za ta riƙa cewa "ba, ba, ba" ta dama, wayar Mahmudu tana cewa "ga, ga, ga" ta hagu, da muryar Kawu da ya ɗauka da kansa. In suka haɗu a tsakiyar kai da ƙarfin batir, in ji shi, cunkoson zai balle, maganar wata huɗu ta zubo gaba ɗaya.

"Ka tanadi tabarma," ya ce min. "Sai an kwana uku Yaya ba ta yi shiru ba."

A cikin kwanakin nan ne kuma wani Alhaji Ashraf, mai shagon yadi, ya karɓi hularsa. Kawu ya manta ya shanya ta a kan katakon da aka raba biyu, ta bushe da tsagi a tsakiya da tozo biyu. Alhajin ya zo rumfa sau uku, Kawu yana ɓuya a bayan tankin ruwa.

Ranar Alhamis gidanmu ya cika tun da safe. Mata a ciki, maza a kan tabarmi a ƙofar gida, waina da gumba suna zagayawa. Inna ta yi wanka ta sa sabuwar atamfa mai ruwan ganye. Rabon da in gan ta da kaya mai launi har na manta, ta yi kama da bishiyar da ruwan farko ya taɓa amma ba ta yarda ta yi toho ba. An ɗaure kayanta cikin jaka biyu. Motar tana tsaye a bakin layi, direban yana cin waina.

Da aka shafa fatiha aka fito da ita zaure don ta yi sallama da maza, sai Kawu ya miƙe.

"Jama'a, minti biyar! Kafin a ɗauki Yaya, a ba ilimi minti biyar."

"Muntaka, zauna," in ji Gwaggo.

"A bar shi mana," in ji Nagoda daga kan tabarma. "Ni tun asuba na rufe tebur saboda wannan."

Kawu ya ce a kansa zai fara gwadawa don kowa ya ga babu cuta. Ya miƙo min wayoyin in riƙe, ya ɗauko leda, ya juya wa jama'a baya, ya sa hular. Ya jiƙa ta da sitaci tun da safe don lasifikokin su kama, ya danna ta har gira, ya ɗaure igiya a ƙarƙashin haɓa, ƙulli uku. Sannan ya juyo, waya tana reto ta kowane gefe kamar akuyar da ta tsinke turke.

"Mahmudu, ƙure murya. Junaidu, danna!"

Na danna ta Mahmudu. Maimakon "ga, ga, ga," sai muryar wani mai tallar maganin gargajiya ta fashe, irin wadda ake sawa a mota ranar kasuwa, wadda Mahmudu ya ajiye saboda tsoron ciwonsa. "Basir mai tsiro! Basir mai jini! Kai mai zama a karkace, da kai nake!" Tsofaffin da suke zaune a karkace suka gyara zama a tare.

"Ba ita ba ce! Danna ɗayar!" in ji Kawu.

Na danna ta Kawu. Saƙon murya ne ya shigo a daidai lokacin, yatsana ya faɗa kansa. Muryar Alhaji Ashraf ta fito ta dama, har ƙarshen layi ana ji. "Muntaka! Na je ɗaurin aure da hular nan, yara suna bina suna kukan raƙumi! Na san kana bayan tanki, na ga ƙafarka!"

Muryoyin biyu suka haɗu a tsakiyar kan Kawu. Ya yi tsalle. Ya kai hannu zai cire hular, sitaci ya riga ya kama, ƙulli uku ya ƙi kwancewa. Ya juya hagu basir ya bi shi, ya juya dama Alhaji ya tare shi.

"Kawu, wanne ka fi ji?" Nagoda ya ɗaga murya. "Na dama ko na hagu?"

"A kashe!"

"Mota biyu ce fa kawai, titin Kaduna!"

Mahmudu ya ruga zai cire batir, Kawu ya ruga ɗaya gefen, wayar ta naɗe masa ƙafa. Ya yi taku biyu da rabi, ya tafi da daron waina, ya faɗi a gaban zaure, kansa dab da ƙafar Inna. Batir ya tsinke. Wuri ya yi tsit, sai waina ɗaya da take ta gangarawa zuwa kwata.

A nan ne na ga hular da kyau. Kube ce ruwan toka mai zaren shuɗi, wadda Baba yake sawa ranar Juma'a. Ashe ya kai ta wanki mako guda kafin ya kwanta, ta zauna a rumfar Kawu babu wanda ya tuna. Kawu ya huda ta gefe biyu da almakashi.

Inna ta sunkuya. Ta sa yatsa a ɗaya hudar, ta bi bakin zaren da aka yanke a hankali.

"Muntaka."

Muryar ta fito a dishe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Gwaggo ta dafe ƙirji. Ni wayoyin suka zube daga hannuna.

"Muntaka, hular wa ka yanka?"

Kawu ya buɗe ido ɗaya daga ƙasa. Ya dubi Inna, ya dubi jama'a, sai ga shi ya miƙe zaune yana ɗaga hannu. "Allahu akbar! Kun ji? Kun ji da kunnenku? Gada ta buɗe! Ko sa mata ban yi ba, tururin kawai..."

Bai ƙarasa ba. Inna ta kama igiyar haɓar, ta warware ƙulli ukun nan kamar ba komai, ta zare hular ta rungume ta da hannu ɗaya. Da ɗaya hannun ta kama kunnensa.

"Wannan ne wanda ka ce magana tana daɗewa a hanya? Duk ina jin ku, kwana tara. To tsaya in raka ta da kaina."

Ta fara tun daga ranar da ya yanka zanin uwarsu yana ɗan shekara shida wai zai ɗinka wa kaza riga. Ta biyo ta kan keken Malam, wato Baba, da ya kwance ya kasa mayarwa. Ta zo kan hular, ta faɗi wanda ya ɗinka ta da watannin da ya yi yana ɗinki, da yadda Malam yake karkata ta kaɗan in zai fita, a nan muryarta ta karye, ta yi kuka mai sauti, wanda ba ta yi ba ko ranar rasuwar. Mata suka taya ta. Da ta share ido ta ga Kawu yana rarrafe zai sulale, ta sake kamo kunnen ta ɗora daga inda ta tsaya.

Direban ya matso yana goge baki. "Hajiya, a sa kayan a mota?"

Inna ce ta amsa, ba Gwaggo ba. "Kayan wa? Wa ya ce maka zan bar ɗakina? Yaya Lauratu, ki yi haƙuri, a ba bawan Allahn nan waina ya tafi."

Gwaggo ta ce, "To ai shi ke nan, tunda kin faɗa."

Na ɗauki jakunkunan biyu na mayar ɗaki, na dawo na rakuɓe a bakin zaure ina saurare. Har aka kira la'asar Inna ba ta gama da Kawu ba, kuma ban so ta gama. Sai kawai ta waiwayo ta gan ni.

"Kai kuma, Auta, da ka riƙe masa waya. Ka ga wuyanka kuwa? Rabonka da cin abinci ka ƙoshi tun yaushe? Matso nan, naka yana zuwa."

Na matsa har gwiwata tana taɓa tata, na ce, "Na'am, Inna."